Yadda Na Yi wa Alƙali Ihu a Ilorin

Tun da muka dawo daga Ilorin ban huta da tambaya ba. A aji ana tambaya, a bakin famfo ana tambaya, har mai ƙosan layinmu ta ajiye matsami ta ce, "Rifkatu, wai da gaske ne kin daka wa wani dattijo tsawa a garin Yarabawa? Ke ɗin nan?" Duk wanda ya san ni a unguwarmu Narayi, a Kaduna, ya san magana tana yi mini wuya. Idan mutum uku suka zuba mini ido sai harshena ya yi nauyi, shi ya sa 'yan ajinmu suke ce mini Sista Shiru. To na gaji da gyaɗa kai. Bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Sai na fara da wasan kansa, don har yanzu mutane da yawa a unguwarmu "wasan sandan nan" suke ce masa. Sunansa kurket. Ana kafa sanduna uku a ƙasa. Mai jifa tana jefo ƙwallo mai tauri kamar ɗanyar gwaba, tana so ta kayar da su. Mai bugu tana tsaye a gabansu da bat, wato katako mai faɗi, tana karewa, tana tura ƙwallon nesa don ta sami maki. Idan aka kayar da sandunan, ko aka cafe ƙwallon da ta taɓa kafin ya faɗi ƙasa, ta fita ke nan, wata ta shigo. Ni aikina tsugunawa a bayan sandunan da manyan safar hannu, ina cafe duk abin da ya wuce. Kifa ake ce mini. Na zaɓi wurin ne don mai bugu tana tare ni daga idon mutane.

Anti Laraba, malamar wasanninmu, ita ta kafa gasar 'yan mata ta wannan tsallaken kogin Kaduna. Makarantu shida ne, daga Narayi zuwa Sabon Tasha zuwa Mahuta. Ita ke roƙon fili, ita ke raba ranakun wasa, ita ke bin gidajen burodi tana karɓo toka mu ja layi da ita. Idan ƙwallo ya fashe ita ke kai shi wurin mai gyaran takalmi. Shimfiɗar da ake jifa a kanta guda ɗaya ce tak a duk gasar, a keke take yawo daga makaranta zuwa makaranta, an naɗe ta kamar katuwar tabarma. Alƙalinmu kuwa Baba Yohanna ne, dattijon coci, wanda ya koyi wasan wurin Indiyawa lokacin da yake aiki a masaƙa a Kakuri.

Ga abin da ya bambanta gasarmu da ta kowa. A dokar kurket, idan ƙwallo ya ɗan gogi bat kifa ta cafe, alƙali ba ya fitar da mai bugu sai an tambaye shi. Ba kuma tambayar raɗa ba. Juyawa ake yi a dube shi a kwarma ihu, "Hawuzat!", wato ya ka gani. Sannan in ya yarda ya ɗaga yatsa. A shekarar farko Anti ta koya wa yayyenmu haka. Sai wata Asabar Maman Blessing, uwar kaftin ɗinmu ta yanzu, ta zo wucewa daga kasuwa, ta ga 'yan mata goma sha ɗaya sun buɗe baki suna yi wa Baba Yohanna ihu a tsakar rana. Kafin Lahadi magana ta kai zumuntar mata ta coci. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, suna cewa ba za a koya musu rashin kunya da sunan wasa ba. Don gasar ta rayu, Anti da Baba suka yi shawara: babu ihu. Idan Baba ya gani, shi zai ɗaga yatsa da kansa. Haka muka taso muka tarar. Wasanmu shiru yake kamar ɗakin jarabawa.

Akwai babbar gasa ta yanki, wadda 'yan Kwara da Neja da Kogi suke yi a tsakaninsu. Anti ta daɗe tana roƙon a saka mu. Bana aka kira ta a waya aka ce mu zo Ilorin a hutun Ista, gwaji. Wasa biyu za mu yi. In mun ci ko da ɗaya ne mun shiga gasar, baɗi kuma su za su zo Kaduna. In mun faɗi duka biyun a ba wani gari gurbin. Da Anti ta gaya mana, na ga tana murza igiyar usur ɗinta a yatsa har yatsan ya yi fari.

Da sassafe muka haɗu a Sabon Tasha. Iyaye mata sun zo da kuloli kamar za mu yi wata a hanya. Mamata ta cusa mini jarkar kunun zaki a ƙarƙashin kujera. Aka ɗaure shimfiɗarmu a saman mota. Fasto ya fara addu'a, ya yi wa hanya, ya yi wa taya, ya yi wa birki, yana shirin shiga zancen iyayenmu sai direbanmu Malam Ilu ya ɗan taɓa oda ya ce, "Amin, Fasto, amin. Rana tana yi."

Mun kama hanyar Abuja ke nan Anti ta juyo daga kujerar gaba.

"Ku saurara. Can ba Baba Yohanna ba ne. Ba wanda zai ba ku kyautar yatsa. Sai kun tambaya. Oya, mu gwada. Ɗaya, biyu, uku!"

Motar ta ɗauka gaba ɗaya. Malam Ilu ya taka birki har kuloli suka zame.

"Innalillahi! Me na taka?"

Aka yi ta dariya. Ni dai leɓe kawai na motsa, kuma Anti ta gan ni ta madubi.

"Rifkatu, ban ji ki ba."

Blessing, kaftin ɗinmu, wadda ana jin muryarta daga Narayi har Barnawa, ta ce, "Anti, Sista Shiru ai a zuci take yin nata, kamar addu'ar abinci."

Anti ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Blessing, ke a bakin layi kike tsayawa, ba ki jin komai. Kifa ce kaɗai take jin ƙwallo in ya gogi bat. In ba ta fara ba, ba wadda za ta san an taɓa. Rifkatu, ke za ki fara, sauran su bi."

Na ce, "To, Anti." Na yi ta kallon itatuwa suna wucewa.

Bayan Lambata hanya ta lalace. Tankokin mai sun yi layi, mu kuma muna shiga rami muna fita. Zafi ya yi zafi. Kunun Mama ya sha jijjiga ya kumbura ban sani ba. Blessing ta ce ƙishi take ji, ta jawo jarkar ta murɗa marfin. Sai fau! Kunu ya yi sama ya sauko mata a ka, ya bi farin wandon wasanta da ta shanya a gwiwa don kada ya yamutse. Dooshima, mai jifarmu, 'yar Binuwai, ta laso kaɗan daga kafaɗar Blessing ta ce, "Kai, Maman Rifkatu ba ta rowar citta."

A Bida muka tsaya cin abinci. Ƙuli-ƙulinsu siriri ne dogo, da yaji a ciki, ba dunƙule irin namu ba. Wata tsohuwa mai sayarwa ta leƙo ta taga ta ga bat a hannun Dooshima, ta tambaya da Hausarta mai gishirin Nufanci ko muciya ce. Dooshima ta ce, "E, Mama, tuwon biki za mu tuƙa a Ilorin." Tsohuwar ta ce to Allah ya sanya alheri, ta ƙara mana ƙuli biyu.

Gaba kaɗan muka hau wata gada, ruwa shimfiɗe a ƙasa da 'yan kwale-kwale. Malam Ilu ya ce, "Kun gane shi? Kogin Kaduna ne wannan. Biyo ku ya yi." Na leƙa sosai. A gida kullum muna tsallake shi in za mu shiga cikin gari, ban taɓa tunanin yana da wata rayuwa a wani wuri ba. Sai na ji kamar na haɗu da maƙwabci a baƙon gari.

A Jebba muka tsallake kogin Kwara, wanda ya sa namu ya zama kamar kwata. Nan ne iyakar jihar Neja da ta Kwara, kuma nan masu binciken kaya suka tare mu da katakon ƙusoshi. Wani mai ƙaton ciki ya nuna saman mota ya ce kafet ce muka ɗauko za mu sayar. Anti ta yi bayani, bai yarda ba. Ya buɗe doguwar jakarmu ya ga sanduna masu tsini da hular kwano mai ƙarafa a fuska, sai ya kira abokansa. Da bayani ya ƙi ci, Anti ta ce, "Dooshima, kafa sandunan." Aka kafa su a gefen titi, aka ba mai ƙaton cikin bat. Ya gyara tsayuwa kamar zai sare itace. Dooshima ta jefo a hankali. Ya kai bugu ya sami iska, sanduna suka zube, ƙwallon ya faɗo hannuna. Abokansa suka yi ta ihu suna buga cinya. Ya ce a sake. Aka sake, haka dai. Daga ƙarshe ya sa hular kwanon ya ce a ɗauke shi hoto, ya janye katakon da ƙafarsa.

Da yamma muka shiga Ilorin. A hostal ɗin wata makarantar 'yan mata aka sauke mu, ɗalibai sun tafi hutu. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce, Iya ake ce mata, ta yi zama a Zariya tana jin Hausa. Muka rusuna muka gaishe ta yadda muke yi a gida. Sai ga 'yan wasan Ilorin sun shigo, kowacce ta zube gwiwa biyu a kan siminti, har wadda take riƙe da bokiti. Mu da muke ganin mun fi kowa ladabi, sai muka tsaya kamar turakun shanya.

Da aka kawo abinci Blessing ta raɗa mini, "Tuwon ya ƙone." Iya ta ji ta. Ta ce, "Amala ne, 'yata, haka Allah ya yi shi baƙi." Miyar kuwa da na duba da kyau ayoyo ne irin namu, sai dai su da 'yar tsintsiya suke kaɗa shi har ya narke, su zuba miyar wake da jar miya a kai. Barkonon ya sa Dooshima hawaye, ita da take cika baki da cin yaji. Awararsu ta nonon shanu ce, ba ta waken suya ba, taushi kamar dafaffen ƙwai. Ita na fi so.

Da safe muka ga filin. Ciyawa ce kore shar, an aske ta daidai. Layin da farin fenti aka ja shi. Wurin jifa siminti ne da koriyar shimfiɗa a manne. Muka dubi tamu a saman mota, da ƙurar Lambata da facin da mai takalmi ya yi mata. Anti ta ce wa Malam Ilu, "Bar ta a nan." 

Alƙalin dattijo ne mai furfura, da farar malafa da farin gemu, ya girmi Baba Yohanna. Alhaji suke ce masa. 'Yan Ilorin suka je ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa masa. Na ce a raina, waɗannan ba za su iya yi masa ihu ba.

Mu muka fara bugu. Da layi ya zo kaina, ƙwallo ya taɓa ƙafata a gaban sanduna, abin da shi ma kan iya fitar da mai bugu, sai kifarsu, wata gajeriya mai suna Rashida, ta kwarma wani ihu a bayan kunnena da ya sa na saki bat. Duk suka ɗauka, hannuwa sama, suna tsalle a gaban dattijon da suka durƙusa wa ɗazu. Shi kuwa ko gezau. Ya girgiza kai. Suka koma wurarensu kamar ba abin da ya faru.

Sai namu jifan. Babbar mai bugunsu doguwa ce mai kitson shuku. Dooshima ta jefo mata wani mai kyau, ya ɗan kauce waje. Na ji shi. Ƙis. Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya tsinken tsire. Ƙwallon ya shiga safata. Na miƙe, na ɗaga shi da hannu biyu, na dubi Alhaji. Ya dube ni. Na ci gaba da dubansa. Bakina a buɗe yake, amma furfurar nan ta cika mini ido. Na tuna Mama tana cewa ko amsa kiran babba ba a yi da ƙarfi. Sai na sunkuyar da kai na mayar wa Dooshima ƙwallon. Sauran duk ni suke kallo, tun da ban yi motsi ba suka ɗauka ba a taɓa ba. Mai shuku ta gyara tsayuwa ta ci gaba. Can an jima haka ta sake faruwa, na sake yin shiru. Daga nan ta buɗe wuta, ta yi ta aika ƙwallo bayan layi har ta kai su ga nasara ita kaɗai.

A ƙarƙashin mangwaro Dooshima ta jefar da hularta ta ce, "Rifi, ta taɓa ko ba ta taɓa ba?"

Na ce, "Ta taɓa."

"Sau nawa?"

"Biyu."

Blessing ta taso. "Ɗinke miki baki aka yi? Abeg, gaya mini! Mun sha ramin Lambata, na yi wanka da kunun gidanku, don ki zo ki nuna wa tsoho ƙwallo kamar mai tallan lemo?"

Anti ta ce, "Ya isa." Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Ta tsuguna tana tattara kayan kare ƙafa tana ɗaure su biyu-biyu. Na ga bayan hannunta duk ya tsattsage saboda tokar jan layi. Ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Ni na raine ku a kan shiru. Saura gobe."

Da la'asar ina wanke fararen kayana a famfon bayan hostal sai ga Rashida da nata bokitin. Da Turancin buroka muka yi maganar, ni na mai da ita Hausa. Ta ce, "Kifa, hannunki yana da kyau. Amma me ya sa kika bar Anti Shuku ta zauna? Daga benci ma na ga fuskarki."

Na ce a garinmu ba a yi wa babba ihu.

Ta yi dariya har sabulu ya kuɓuce mata. "Mu ma ai ba a yi. In na yi wa Alhaji ihu a kan titi, uwata za ta karya mini ƙafa. Shi ya koya wa uwata wasan ma. Da safe na durƙusa masa, da rana na yi masa ihu, yanzu kuma daga kai masa jaka mota nake. Tsoho ya bar gidansa ya zo ya tsaya a rana don ya yi hukunci, ke kuma kin ƙi kai masa ƙara. Wa ya raina shi, ni ko ke?"

Na yi ta cuɗa wando ɗaya har ta gama nata wankin ta tafi.

Washegari da 'yan Lokoja za mu kara, kuma Alhaji ne dai alƙali. Kafin a fara na ja ƙafa na je inda yake, na zube gwiwa biyu yadda na ga ana yi. Na ce, "Ina kwana, Baba." Ashe yana jin Hausa.

"Lafiya lau, 'yar Kaduna. Tashi." Ya ɗan rage murya. "Jiya abin da kika ji, ni ma na ji. Na jira ki." Ya nuna mini yatsansa. "Wannan ba ya tashi da kansa."

Muka fara bugu. Blessing ta huce haushinta a kan ƙwallo, har ta aika ɗaya kan rufin ajin da ke gefe. Muka tara maki daidai gwargwado, ba yawa ba. Da suka shigo bugu Dooshima ta kayar da sandunan mutum uku, sauran aka yi ta cafe su a fili inda kowa ya gani, mai bugu ta fice da kanta. Ina ta godiya a raina cewa wataƙila a gama ba a buƙaci bakina ba. Amma 'yan Lokoja suka yi ta matsowa. Aka zo kan mai bugunsu ta ƙarshe, maki uku ya rage musu. In ta fita mun ci. In ƙwallo ɗaya ya kuɓuce ya kai layi, maki huɗu ke nan, mun koma gida da shimfiɗarmu.

Na leƙa gefen fili. Anti tana tsaye, igiyar usur a naɗe a yatsa. Malam Ilu ya baro motarsa ya zo ya tsuguna kusa da ita, shi da bai san kan wasan ba.

Dooshima ta goge ƙwallon a cinya. Ta taho da gudu. Ya faɗi, ya tashi, ya ɗan kauce waje. Yarinyar ta kai masa bat.

Ƙis.

Yana cikin safata. Mai bugun ba ta motsa ba, ta ma kau da kai tana gyara hula. Alhaji yana tsaye, hannuwansa a baya. Na nemi kalmar nan da muka gwada a mota, ta ɓace mini ɗungum. Sai kawai na ji wata murya ta fashe daga cikina, wadda ban taɓa sanin ina da ita ba.

"BABA! YA KA GANI?"

Balbelun da ke kiwo a bakin fili suka tashi. Dooshima ta juya ta ɗauka, Blessing ta ɗauka daga bakin layi, duk muka ɗauka, wasu da Turanci wasu da Hausa, har Malam Ilu na ji yana cewa, "Ya ka gani, Alhaji!"

Alhaji ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan a hankali ya zaro hannunsa daga baya, ya ɗaga yatsa sama.

Abin da na yi bayan nan shi ne 'yan ajinmu suka fi so a ba su labari. Kowa ya ruga wurin Dooshima, ni kuwa da na gane abin da na aikata sai gwiwoyina suka kai ƙasa a nan bayan sanduna, na ce, "Yi haƙuri, Baba." Filin ya kwashe da dariya, har 'yan Lokoja da suke shirin kuka. Alhaji ya cire malafarsa ya ɗaga mini. Sai ga Blessing ta ɗauke ni cak tana cewa, "Sista Shiru! Ashe lasifika kika haɗiye!" Anti ta kama kaina da hannu biyu ta riƙe, na ji kaushin tafinta a kunnuwana.

Da shugabannin gasar suka zo yi wa Anti murna, ɗaya ya tambaya ko muna da wurin jifa a Kaduna. Anti ta ce wa Malam Ilu ya sauko da shimfiɗar. Aka baza ta a kan koriyar ciyawarsu, da ƙurarta da facinta. Ta ce, "Ga shi nan. A kanta za ku yi wasa baɗi." Rashida ta taka ta da ƙafa ta ce, "Mun gani. Ku tanadi kunu."

A hanyar dawowa ba abin da ya fashe. Na dai sake leƙa kogin Kaduna a gadar nan, na yi barci har Suleja.

Sai dai labari ya riga mu isa gida. Wata ta ɗauki ihun a waya, kafin mu sauka a Sabon Tasha ya zagaye zumuntar mata. Mama dai ta yi ta kallona lokacin da nake cin tuwo. Na san kuma Anti tana cikin damuwa, don baƙi in sun zo baɗi ba za su yi wasan shiru ba.

Asabar ta farko bayan hutu muka yi wasa da 'yan Mahuta a filinmu na Narayi. Ban taɓa ganin iyaye mata sun cika bakin fili haka ba. Mama tana nan, Maman Blessing tana nan da kwandon cefanenta. Kafin a fara Blessing ta jera mu, muka je gaban Baba Yohanna muka zube gwiwa biyu a kan jar ƙasa muka gaishe shi. Ya ce, "A'a, wannan kuma daga ina?" Dooshima ta ce, "Tsarabar Ilorin ce, Baba."

Ba a daɗe ba Dooshima ta jefo irin nata. Ƙis. Na cafe. Na dubi Baba Yohanna ina jiran yatsa yadda aka saba. Sai na ga ya mai da hannuwansa baya, yana kallon sama kamar mai duba hadari. Na dubi Anti, ta sunkuyar da kai. Na dubi layin iyaye. Abin ya fi mini wuya fiye da na Ilorin, don can ba wanda ya san gidanmu.

Sai Maman Blessing ta dire kwandonta a ƙasa ta kama ƙugu.

"Ke Rifkatu! Za ki bar dattijo a tsaye cikin rana ne? Tambaye shi mana!"

Na cika ƙirjina da iska na tambaye shi. Mutanen da ke bakin titi ma sun ce sun ji. Baba Yohanna ya sauko da idonsa daga sama, yana murmushi har ana ganin wushiryarsa, ya ɗaga yatsa.